Soson Ƙarfe a Jikin Motar Baffa

Ƙarar soson ƙarfe ce ta fara komai. Da hantsi ne, ina zaune a ƙofar madafi ina tankaɗen garin dawa, cikin Nura ya yi mini nauyi, sai na ji ƙus-ƙus-ƙus, irin ƙarar da ake ji in ana dirzar gindin tukunya da toka. Har na yi murmushi. Na ce a raina, yarinyar nan Hauwa Allah ya yi mata albarka, ba a sa ta aiki ba ta sa kanta. Sai da na juye rariya ta biyu na ɗaga kai, na ga tukwanena duka a kife inda na bar su, babu kowa a wurin wanke-wanke. Ƙarar kuwa ba ta tsaya ba. Daga rumfar kwano take fitowa, inda motar baffanku take.

Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin cewa akwai shekarar da mahaifinku da yayansa Alhaji Garba na Rogo suka yi wata bakwai ba sa ga maciji. Kowa da abin da aka faɗa masa. Wasu sun ce a kan gona ne, wasu sun ce mahaifinku ne ya ci amanar mota. Yanzu su biyun ƙasa ta rufe musu ido, Allah ya jiƙan su da rahama, ni ma ƙafata ɗaya tana can, kuma ba na so in tafi in bar wannan magana rataye a sunan mahaifinku. Bai ci amanar kowa ba. Ga yadda aka yi.

Hauwa, wadda kuke ce wa Yaya Hauwa, kun san 'yar ƙanwata Binta ce. Lokacin shekararta bakwai. Binta ta rasu bayan doguwar jinya, a hannuna, kuma ana gobe za ta cika ta kama hannun yarinyar ta sa a nawa. Uban Hauwa mutumin Kurugu ne, amma ba mazauni ba, kullum yana Kudu neman abinci, danginsa kuma suna cewa a kawo musu 'yarsu. Mahaifinku ya yarda in riƙe ta. Wanda bai yarda ba shi ne baffanku. Shi ya raini mahaifinku bayan rasuwar tsohonsu, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa hanyar aikin magatakarda a ofishin hakimi a nan Karaye, don haka maganarsa a gidanmu ba a tsallake ta. Ranar da ya zo a kan batun, a zaure ya zauna, amma ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Riƙon ɗan wani, Sani, in ya yi kyau na ubansa ne, in ya ɓaci naka ne. To, tunda matarka ta nace, a bar ta mu gani. Amma ranar da ta jawo magana, a mayar wa mutane 'yarsu."

Wannan magana na haɗiye ta, ta zauna mini a ƙirji. Ko kofi Hauwa ta fasa, sai in tsinci kaina ina waigen ƙofa.

A bazarar shekarar ne Allah ya kira baffanku aikin Hajji. Yana da mota baƙa mai sheƙi, wadda kana iya gyara ɗaurin ɗankwali a jikinta. Gidansa na Rogo a bakin hanyar kasuwa yake, ga yara ga awaki, shi ya sa ya kawo ta wurinmu, don gidanmu yana da faffaɗar ƙofa da mai gidan na da ya yi saboda amalanke. Ya ajiye ta a rumfar kwano, ya zagaya ta sau biyu yana shafawa da gefen babbar riga, ya miƙa wa mahaifinku makulli. Sharaɗinsa ɗaya ne: kullum da safe a tashe ta ta yi ɗumi, amma ko bakin ƙofa kada ta leƙa.

To ranar nan, kwana tara da tafiyarsa, na tashi da ƙyar na nufi rumfa. Na tarar Hauwa ta ɗage tamfol ɗin ɓangaren da ke jikin katanga, ga bokiti, ga gwangwanin toka, ga soson ƙarfe a hannunta, tana dirzar ƙofar baya da iyakar ƙarfinta, har da cije leɓe.

"Ke! Hauwa! Me kike yi?"

"Inna, kaji ne suka shiga ƙarƙashin tamfol suka yi mata kashi. Ya bushe, ruwa bai fitar ba. Ai ke kika ce abin da ruwa bai fitar ba toka tana fitarwa. Duba ki gani, ta yi fes."

Kuma da gaske ta yi fes. Na watsa ruwa na ɗauraye tokar, fentin ya fito baƙi wuluk yana walƙiya, na ce alhamdulillahi, Allah ya rufa asiri. Ina tsaye ina sauke numfashi zafin bazara ya fara shanye ruwan. A gaban idona abin ya fito, kamar yadda rubutu yake fitowa a allo. Zagaye-zagaye ne farare sirara, wani kan wani, tun daga tsakiyar ƙofar gaba har ƙarshen ta baya. Na sa farce na ja, farcen bai maƙale ba, karcen ba shi da zurfi. Amma ko makaho ya zo da rana zai gani. Na zauna a kan bokitin. Hauwa ta dubi motar, ta dube ni, soson ya faɗi daga hannunta. Ban dake ta ba, ban yi mata faɗa ba. Abin da na ce mata, wanda har yau nake neman gafarar Allah a kansa, shi ne kada ta faɗa wa kowa, ko Malam. Malam shi ne mahaifinku, haka ni da ita muke kiransa.

Na ja tamfol na rufe. Abin da ya taimake ni, ko in ce ya cuce ni, shi ne mahaifinku da ya dawo daga sallar asuba yake tashin motar, kuma ta ɓangaren direba kawai yake ɗage tamfol. Ɓangaren katanga ba ya zuwa. Sai na ga ina da kwana talatin da ɗoriya kafin alhazai su dawo, na ce a cikinsu ba zan rasa dabara ba.

Na lura cewa in fentin ya jiƙe karcen yana ɓacewa. Na ce to abin da ba ya bushewa nake nema. Washegari da mahaifinku ya fita ofis na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba, na shafa da tsohon ɗankwali. Karcen ya ɓace ɓat. Na yi sujada a nan ƙasan rumfar. Kwana biyu ina barci. A na uku na ɗaga tamfol na ga kiyashi sun yi layi tun daga taya har hannun ƙofa, ƙurar tsakar gida kuma ta manne a man ta yi jajir, kamar an shafa wa motar ƙuli-ƙuli. Na wanke da sabulu, karcen ya dawo yana kallona.

Sai na leƙa ta katanga wurin maƙwabciyata Talatu, wadda mijinta direban tasha ne. Na ce mata akwatin ƙarfena na aure ne ya karce, ko ta san abin da ke gogewa.

"Akwati? Akwatin da ya shekara goma a ƙarƙashin gado yau kika tuna da kwalliyarsa? Wannan cikin naki dai da tsirfa yake, wasu kwaɗayin tsamiya, ke kwaɗayin goge akwati. Sa masa makilin, farin, ki murza da tsumma mai laushi. Haka maigidan yake yi wa fitilar motarsa."

Na gwada. Na yini ina murzawa, ina hutawa, bayana kamar zai tsinke. Ƙananan karcen sun ɗan dushe, ba zan yi ƙarya ba, amma manyan suna nan, kuma wurin da na fi murzawa sheƙinsa ya mutu, ya yi dishi-dishi kamar idon da yana ta rufe. Makilin ɗin gidan ya ƙare a kwana huɗu, mahaifinku yana ta mamakin yadda muka koma son goge baki. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A kwanakin nan abinci ba ya mini daɗi. In na ji an taɓa ƙofa gabana ya faɗi. In iska ta kaɗa tamfol sai in bar tuwo a wuta in ruga. Ina sallah ina tunanin fenti, in sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Na san abin da nake yi ba daidai ba ne, ni da na yi sakandare na yi Islamiyya, na san hukuncin amana, na san mai ɓoye aibin kayan da aka ba shi ajiya ba shi da hujja. Amma duk lokacin da na buɗe baki zan faɗa wa mahaifinku, sai in hango Hauwa a bayan motar kasuwa an nufi Kurugu da ita, in tuna hannun Binta. Ita kuwa yarinyar ta daina waƙa in tana shara. Ta daina bi ta kusa da rumfa, sai ta zagaya ta bayan rijiya.

Alhazai suka dawo lafiya. Muka je Rogo barka, aka ba mu dabino da zamzam, aka ba Hauwa zoben roba kore. Baffanku, wanda yanzu ya zama Alhaji, ya ce ranar Lahadi zai zo ɗaukar mota. Ranar Asabar na ga mahaifinku yana goge takalmin ofis, baƙin man yana cike tsagar fatar, sai zuciyata ta ce ga maganinki. Da sassafen Lahadi, ya tafi tarbar yayansa a tasha, na ɗauki gwangwanin na shafe ɓangaren nan kaf, na bari ya sha iska, na goge da audugar katifa. Wallahi ya yi kyau. A inuwar rumfa ba ka bambance shi da sauran jikin motar. Alhaji ya zo ya zagaya ta, ya shafa bonet, ya ce Sani ka riƙe amana, Allah ya yi albarka. Mahaifinku ya miƙa makulli yana murmushi. Da motar ta fita na shiga ɗaki na yi kukan da na ɗauka na farin ciki ne.

Kwana uku aka yi. Ranar Laraba bayan la'asar na ji tsayuwar mota, na ji sallama mai kauri. Na ɗebo ruwa a kwanon sha na nufi zaure, muryar Alhaji ta tsayar da ni a bayan ƙyaure.

"Na kai ta wanki. Mai wanki ya zuba ruwa ya sa tsumma, sai ga baƙi yana bin tsumman. Man takalmi, Sani! A gaban mutane, ana ta dariya. Ka ɗauki motata ka shiga burtalin Kafin Dafga duba gona, ƙaya ta yage ta, to sai me? Ƙarfe ne. Da ka ce Yaya ga abin da ya faru, wallahi dariya zan yi. Amma ka shafe ta da man takalmi, ka miƙo mini makulli kana washe haƙora?"

"Yaya, wallahi tallahi motar nan ba ta fita ƙofar gidan nan ba."

"To aljanu ne suka karce ta, suka kuma sa mata kwalli. Ni na raine ka. Ban san na raini mai rantsuwa a kan ƙarya ba."

Taku ɗaya ne tsakanina da su. Ruwan kwanon yana zuba a ƙafata. Na ji an kama mini zani ta baya, na waiga, Hauwa ce, idanunta kamar za su faɗo. Na dube ta, na dubi ƙyauren. Na juya na koma cikin gida da ruwan. Wannan juyawar ita ce laifina, ba tokar ba, ba man takalmin ba. Da mahaifinku ya shigo fuskarsa ta yi fari fat, ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa motar. Na ce ni dai ban ga baƙo ya shigo gidan nan ba. Magana ce ta gaskiya da na yi ƙarya da ita. Shi kuwa da bai taɓa kama ni da ƙarya ba, sai ya ɗauka a can Rogo abin ya faru, yaran gidan suka ɓoye.

Mako na zagayowa ya hau babur ya tafi Rogo, ba gidan yayansa ba, wurin Iro mai fenti da aka kai wa gyaran, don ya wanke kansa. Ya dawo da azahar. Na kai masa abinci bai taɓa ba. Hauwa tana bakin rijiya tana wanke tukunya, ya daɗe yana kallon hannunta. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin man takalmi, ya buɗe ya ajiye a gabana. Saura ɗan kaɗan a gefe.

"Iro ya ce karcen a saman fenti kawai ya tsaya. Wani farin mai ya shafa, ya bi da inji mai soso mai laushi, kafin a kira sallah ya gama, ko fenti bai buɗe ba. Ya ce kuma ba ƙaya ba ce. Ƙaya a miƙe take ja. Wannan zagaye ne, irin na wankin tukunya. Kuma duk bai wuce nan ba."

Ya sa hannu daidai ƙugunsa. Na durƙusa da cikina na faɗa masa komai, ina kuka ina haɗa kalmomi. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Rabi, na rantse da Allah a gaban yayana, ya kira ni maƙaryaci, kina bayan ƙyaure kina ji."

"Malam, tsoro na ji. Ka san abin da Yaya ya ce a kan yarinyar nan."

"Na sani. Shi ya sa na roƙi Iro ya riƙe bakinsa."

Ban fahimta ba sai da ya maimaita. Tun a hanya ya yanke shawara. Ya ce da ranar da abin ya faru na faɗa masa, da ya kai wa Iro labari ya zo har gida ya goge, in Yaya ya dawo a ba shi haƙuri. Amma yanzu an shafa mai, an yi rantsuwa, an yi dariya a wurin wanki, ran Yaya ya ɓaci, in ya ji yarinyar ce tushen abin, ko kwana ba za ta ƙara ba. Ya ce shi namiji ne, zai iya ɗaukar zagi, ita ba za ta iya ɗaukar maraici sau biyu ba. Daga nan ya ja kwanon ya ci loma uku ya fita.

Na ɗauka in nauyin ya zama na mutum biyu zai ragu. Ƙaruwa ya yi, don yanzu ina ganin wanda yake ɗauke da shi. Labari ya zaga. A ofis wani abokin aikinsa in ya gan shi sai ya ce, Malam Sani, babur ɗina ya karce, ko da sauran man takalmi? Ya yi murmushi ya wuce. Duk Juma'a yakan je Rogo gaisuwa kamar yadda ya saba, a ce masa Alhaji yana hutawa, ya zauna a zaure har la'asar ya dawo. Da damina ta faɗi na haife ka, Nura. A gidanmu baffa ne yake raɗa wa yaro suna. Aka aika, bai zo ba. Matarsa ce ta zo ita kaɗai, ta zauna a bakin gado kamar a kan ƙaya, ta tafi kafin a raba waina. Liman ne ya raɗa maka suna. Ka sha tambayata me ya sa babu baffanka a hoton sunanka, ina ce maka ba ya gari. Yana gari. Mahaifinku ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai taɓa goranta mini ba, kuma bai taɓa canza wa Hauwa fuska ba, in ya sayo rake ita yake fara miƙa wa. Amma ya daina ba ni labarin ofis in ya dawo, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Da kaka ta yi, ana cirar gyaɗa, sai ga saƙo daga Rogo: bana in an kwashe amfani a raba gonar gado ta Kafin Dafga, kowa ya san iyakarsa. Gonar da tun rasuwar tsohonsu ba a taɓa ja mata layi ba. Mahaifinku ya karanta takardar ya ninke ta ƙanana-ƙanana, ya sa a aljihu, ya ɗauki buta ya yi alwala alhali da alwalarsa. Na bari ya idar da nafila na ce masa ina neman izini zan je Rogo.

"Kin san abin da zai iya biyo baya."

"Na sani, Malam. Amma Binta ba ta ba ni 'yarta don in raba ka da ɗan'uwanka ba. In Allah ya rubuta zamanta a nan, babu mai tashinta. In bai rubuta ba, man takalmi ba zai zaunar da ita ba."

Kwana biyu bai ba ni amsa ba. A na uku da zai fita ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, in je gobe, in tafi da yarinyar. Da yamma na kira Hauwa ɗaki na ce mata gobe za mu gidan Baffa, zan faɗa masa gaskiyar maganar mota. Ta ce to. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban iya ƙara komai ba.

Muka hau motar haya, kai Nura a goye, ita a gefena. Tun daga Karaye har Rogo bakina bai huta da addu'a ba, hannuna kuma yana riƙe da nata har ya yi gumi. Muka tarar Alhaji a ƙofar gida yana duba buhunan gyaɗa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice ya ce in shiga wurin mata. Na ce wurinsa na zo. Ya dube ni, ya shiga zaure, na bi shi na durƙusa daga nesa. Na fara da kashin kaji na ƙare da bayan ƙyaure, ban rage man gyaɗa ba, ban rage makilin ba. Na faɗa masa ƙaninsa bai san komai ba ranar da ya rantse, kuma da ya sani ya zaɓi ya yi shiru. Na gama, ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya yafito Hauwa.

"Ke kika wanke mini mota?"

"E, Baffa."

"Da me?"

"Da toka. Da soso."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Kaji ne suka ɓata ta."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na ɗauka fushi ne, sai na ga kafaɗarsa tana motsi, na kasa gane dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne.

"Wata bakwai ina wulaƙanta ƙanena a kan kashin kaji. Na bar shi a zaure kamar mai roƙo. Ke kuma Rabi, wane irin dodo kika mayar da ni?"

"Yaya, kai ka ce ranar da ta jawo magana a mayar da ita."

"Na faɗa."

Ya sake cewa na faɗa, a hankali, kamar da kansa yake. Sannan ya ce shi ya yi maganar ya manta, bai san akwai wadda ta kwana da ita shekara guda ba. Ya ce batun Kurugu ya mutu daga yau, in dangin ubanta sun zo a turo su wurinsa. Ya ce amma in sani yarinya ba ta yi masa laifi ba, ni na yi, kuma babban laifin ba shi na yi wa ba, in je in nemi gafarar mijina, shi ma zai nemi tasa. Ya yafe mini a ranar, amma bai manta ba. Har ya bar duniya, in na ba shi labari, ko na farashin tumatir ne, sai ya karkata kai ya ce, Rabi, wannan tsurarsa ce ko an shafa masa mai? Mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma na san rabinta ba wasa ba ne. Mahaifinku ma sai da aka yaye ka kafin ya koma ba ni labarin ofis. Gonar kuwa ba a raba ta ba.

A ranar dai Alhaji bai jira la'asar ba. Ya ce mu tashi, shi zai mayar da mu Karaye, yana da magana da Sani. Ya buɗe mana ƙofar baya, ita ɗin dai, tana sheƙi babu ko ɗigon alama. Hauwa ta tsaya ta ƙi shiga sai da ya ce mata shiga mana, ai kin fi kowa saninta. Ta zauna a bakin kujera, ta haɗa hannuwa a cinya, ba ta jingina ba, ba ta taɓa komai ba. Muna tafe, gonakin dawa suna wucewa. Ni ina ta tunanin yadda 'yan'uwan nan za su kalli juna. Sai da rufin gidajen Karaye ya fara bayyana ta matso, ta kai bakinta kunnena.

"Inna, to in mun je gida in kwance kayana? Tun jiya na ɗaure su a ɗankwali, na ɓoye a bayan randa."